Jawabi ga Hakimai da Malamansu a kan Gyaran Filin Ƙwallo



Wannan jawabi a kan filin ƙwallo na Ƙofar Mata ne a Birnin Kano, wanda ake kira Filin Sani Abacha, domin a cikin labarinsa akwai abin lura ga kowane mai riƙon ƙasa.

A shekarar 1995 an shirya za a yi gasar ƙwallo ta samarin duniya a Nijeriya. Amma hukumar ƙwallo ta duniya, watau FIFA, ta janye gasar, ta kai ta ƙasar Katar, saboda tsoron sanƙarau. Sai a 1999 aka sami yin ta, Kano da Kaduna da Bauci suna cikin garuruwan da aka buga. A 2000 kuma Kano ta sauki baƙi na gasar ƙasashen Afirka.

Da aka ba Nijeriya gasar yara 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009, sai aka tarar filin Kano yana bukatar gyara kafin ya isa saukar ƙasashe. Aka shimfiɗa masa ciyawar roba, aka yi sauran gyare-gyare. Ƙasashe 24 suka zo, aka buga a garuruwa 8, daga ran 24 ga Oktoba zuwa ran 15 ga Nuwamba. Duk da haka, daren da Amurka ta kara da Sifen a Kano fitilu suka ɗauke ana cikin wasa, aka tsaya jira, duniya kuwa tana kallo.

Abin lura shi ne, masu dubawa ba ganuwar fili kaɗai suke auna ba. Suna duban wuta da ruwa da hanya da lafiyar mutanen gari. Abin da aka bari ya lalace shekara da shekaru ba ya gyaruwa cikin wata guda. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka ana roƙon kowane hakimi ya lura da abu uku. Na farko, kada a yarda a yanka filin wasa na gari ko na makaranta a mai da shi fuloti, gama in ya tafi ba ya komowa. Na biyu, malamin hakimi ya rubuta iyakokinsa a littafi, dagaci da masu unguwa su shaida. Na uku, kafin damina ta faɗi a kira gayya, a yashe magudanai, a cike ramuka, a shuka itatuwa a kewaye.

Yaron da zai buga a Gusau ko a Kano gobe, a filin garinsu yake koyo yau. Amanarsa tana hannun hakiminsa.

Allah ya ba da ikon riƙewa, amin.