Maryamu Smith da Labarin Baba ta Karo: Jawabin da Aka Gabatar a Tudun Jukun



Daga nan Tudun Jukun, tafiya kaɗan ce zuwa Kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a 1945 domin buga littattafai da jaridu cikin harsunanmu. Saboda haka ya dace mu tattauna a nan game da wani littafi da aka haifa a ƙasar Zazzau, amma aka raɗa masa suna a Ingila.

A 1949 wani masanin al'adu mai suna M. G. Smith ya zo bincike ƙasar Zazzau tare da matarsa Maryamu. Shi mutumin Jamaika ne, an haife shi a 1921. Tun yana saurayi yake rubuta waƙoƙi, yana cikin matasan da suka taru a gindin Edna Manley, gwanar sassaƙa, wadda ta fito da mujallar Focus a 1943 domin sabon salon adabi a ƙasarsu. Shi ne ya rubuta Government in Zazzau, wanda ya fito a 1960.

To, amma namiji baƙo ba ya shiga cikin gidan kulle. Matarsa ce ta sami wannan dama, domin ta iya Hausa. A Giwa ta haɗu da wata tsohuwa, Baba, mutuniyar Karo. Suka yi makonni suna zama, Baba na faɗa, Maryamu na rubutawa: harin bayi, zaman rinji, zuwan Turawa, aurenta huɗu, ƙawance da bori. Baba ta rasu a 1951, ba ta ga littafinta ba.

Da Maryamu ta fassara shi zuwa Turanci, kamfanin Faber na Landan ne ya buga shi a 1954. Wannan kamfani kuwa, ɗaya daga cikin shugabanninsa shi ne T. S. Eliot, jagoran mawaƙan sabon salo na Turanci. Su ne kuma suka buga littafin Amos Tutuola na farko a 1952. Wato maganar tsohuwar ƙauye, wadda ba ta yi boko ba, ta zauna a kanta ɗaya da manyan marubutan zamani.

Abin lura a nan shi ne, da Hausa Baba ta yi magana, amma da Turanci duniya ta fara jin ta, alhali kuwa ga maɗaba'a a Zariya. Ba ma zargin Maryamu. Ta kyauta, kuma ba don ita ba da labarin ya bi Baba kabari. Tambayar tamu ce. Kowannenmu yana da kaka ko goggo a gida wadda ta ga abin da babu shi a littafi. Idan mun tafi hutu, mu ɗauki alƙalami da takarda mu zauna gabanta, mu rubuta yadda ta faɗa, da Hausarta. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.