Jawabin Yaye Sababbin Likitocin Tiyata: Neman Giram Biyar a Cikin Kitse

 

Likitocin da ake yayewa yau sun yi shekaru suna koyon aiki a lungunan jiki, kuma da wuya a sami lungun da ya kai na adirinal. Wata 'yar tsoka ce mai zaune kan ƙoda kamar hula, nauyinta bai wuce giram biyar ba. Ta dama tana ƙarƙashin hanta, manne da babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Ta hagu tana maƙwabtaka da saifa. Launinta ruwan ɗorawa ne, kusan irin na kitsen da ya lulluɓe ta.

Tun 1992, da Michel Gagner ya cire ta da kyamara a Kanada, aka rage tsaga ciki. Amma ƙananan huduji ba su kawar da matsalar ƙiba ba. A jikin siriri, da an ɗaga hanta sai ga adirinal da ƙarin da ya fito mata a fili. A jikin mai teɓa kuwa, sandunan aiki kan yi kaɗan, kitse ya riƙa zamowa gaban kyamara yana dusashe gilashinta, aikin ya ja lokaci, mai ba da maganin barci yana fama da huhun da tumbi ya danne. Wani abin haushi, wani lokaci ƙarin ne ya kawo ƙibar: a cutar Kushin yakan tsiyayo sinadarin kotisol fiye da kima, ciki ya tara kitse, fata ta yi rauni, rauni ya ƙi warkewa da wuri.

Martin Walz na Essen a Jamus ya shahara da zagayowa ta baya. A kwantar da majiyyaci rub da ciki, tumbi ya rataya ƙasa, a shiga ta ƙarƙashin haƙarƙari. Dabara ce mai kyau, sai dai idan bayan ya yi kauri ƙwarai, ita ma takan cije.

Shi ya sa malaman waɗannan likitoci suka hana su dogara da sikeli kaɗai. Mutum biyu kan zo da nauyi ɗaya, ɗaya kitsensa na ƙarƙashin fata, ɗayan kuma ya daskare kewaye da ƙoda, kamar yadda aka fi gani a maza. Hoton CT ke raba gardama kafin a taɓa wuƙa.

Allah ya yi musu jagora. Magatakarda na iya fara kiran sunaye.