Wasan Bidiyo da Masu Buƙata ta Musamman: Ina Gizo Ke Saƙar?



Duk wanda ya taɓa riƙe na'urar buga wasa ta PlayStation ko Xbox ya san yadda aka ƙera ta: sai da hannu biyu, manyan yatsu a sama, sauran yatsu a kan maɓallan baya, kuma a danna cikin ƙiftawar ido. Mai hannu ɗaya, da wanda shanyewar jiki ta kama, da wanda yatsunsa ke karkarwa, an sallame su tun kafin a kunna allo. Wani zai ce ai wasa ne kawai. To, amma a wurin wasan ne samari ke haɗuwa su yi musu, su ƙulla abota. Wanda aka hana wasan, zaman aka hana shi.

A shekarar 2018 kamfanin Microsoft ya fitar da Xbox Adaptive Controller, kuma ina so mu dube ta da kyau. Faffaɗa ce, ana ajiye ta a kan cinya ko tebur ko ƙasa. Tana da manyan maɓallai biyu da za a iya bugawa da gwiwar hannu ko a taka da ƙafa. Amma hikimar tana bayanta, inda aka jera ramuka 19 irin wanda ake soka wayar sauraren sauti, kowane rami yana wakiltar maɓalli ɗaya. Mai wasa sai ya jona abin da jikinsa ke iya motsawa: wannan kusa da haɓa, wancan ƙarƙashin diddige. Kamfanin bai yi wa kowa shisshigi ba, ya bar mutum ya haɗa nasa. Dalili kuwa, da masu abin aka yi aikin, ta hannun ƙungiyoyi irin su AbleGamers ta Amurka da SpecialEffect ta Ingila. Hatta kwalin an sa masa madaukai, don kada mai raunin hannu ya koma yagewa da haƙori. Sony ma ya biyo sahu da Access Controller a ƙarshen 2023.

Wanda jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa kuma akwai QuadStick, wadda ake sarrafawa da baki, ta hanyar zuƙa da hurawa.

Makafi fa? Su ba sabuwar na'ura suke nema ba, sauti suke nema. Wasan The Last of Us Part II na 2020 ya zo da zaɓuɓɓuka sama da 60, har makaho na iya kai shi ƙarshe da kunne kawai. A wasan Street Fighter 6 akwai ƙarar da ke shaida maka nisan abokin karawa, kuma a gasar Evo ta 2023 wani makaho ɗan ƙasar Holan, Sven van de Wege, ya ci karawa a gaban jama'a. Ni a ganina irin wannan gyara na cikin wasan ya fi kowanne amfani, domin ba ya ƙara wa mai saye ko kwabo.

A batun kuɗin nan ne gizo ke saƙar. Na'urar Microsoft ta fito a kan kusan dala 100, ban da kuɗin maɓallan da za a jona mata. Wane mai gidan gem ne a Kano ko Maradi zai sayi wannan don yaro ɗaya? Sai dai ku lura, ɗalibanmu na injiniya: maɓallin da ake jonawa ba wani sihiri ba ne, waya biyu ce da kan sokawa da abin dannawa. Mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano zai iya haɗa shi, muddin an zaunar da shi da wanda zai yi amfani da abin, ya ga wace gaɓa ce ke motsi, da irin ƙarfin da take iya dannawa.