Daga Gulbin Bungudu Zuwa Teku: Jawabi Ga Taron Reshe

 

Gulbin nan da ke gefen garinmu ba namu ne mu kaɗai ba. Yana tasowa daga wajajen Funtuwa, ya ratsa Gusau da Bungudu, ya cika madatsar Bakalori, ya haɗu da Rima kusa da Sakkwato, sannan ya faɗa kogin Kwara a jihar Kebbi. A Lokoja Kwara ke haɗuwa da Binuwai, su nufi teku tare. Waɗannan koguna biyu su ne ƙashin bayan sufurin ruwa a Najeriya.

Tun zamanin Turawa jiragen ruwa ke hawowa Kwara har Baro, inda aka shimfiɗa layin dogon da ya isa Kano a 1911. A 1997 aka kafa hukumar NIWA, mai hedikwata a Lokoja, domin kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa. A 2009 aka soma yashe Kwara daga Warri zuwa Baro, a 2019 kuma aka buɗe tashar jiragen Baro. Hikimar ita ce, ruwa yana ɗaukar kaya masu nauyi da araha, ya kuma rage wa tituna lalacewa.

Amma talakanmu bai san manyan jirage ba. Kwalekwalen fito ya sani. A Mayun 2021 jirgi ya nutse da ɗimbin 'yan kasuwa kusa da Warra. A Satumban 2024 wani ya kife da manoma a Gummi, cikin jiharmu. Dalilan ba su cika sauyawa ba: lodin da ya wuce kima, tsofaffin jirage, tafiyar dare da rashin rigar kariya.

Idan damina ta yi nisa, gulbi ya kawo, cikin masu tsallakewa har da ɗalibanmu. Saboda haka mu riƙa fara darasin koguna daga wanda yara ke gani da idonsu. Mu gayyato sarkin ruwa ya faɗa musu inda ba a shiga. Mu yi wa yaron da ruwa ya tsare uzuri, kada tsoron bulala ya jefa shi cikin igiya. Reshenmu kuma ya rubuta wa ƙaramar hukuma neman rigunan kariya a kowace mashaya kafin ruwan farko.

Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu.