Mu Tura Yaranmu Koyon Ƙera Ƙafar Roba

A 2020 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna, amma waɗanda ta nakasa suna nan a Faru, ga kuma waɗanda harbin 'yan bindiga, haɗarin babur, ciwon suga ko ruɓewar ɗori suka raba da ƙafa. Mai neman ƙafar roba ko takalmin ƙarfe yakan tafi har Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, yaro kuwa yana girma, sai an riƙa sake masa awo. Ana koyar da wannan sana'a a Igbobi, Legas, da Jami'ar Fasaha ta Owerri. Muna roƙon ƙungiya ta ɗauki nauyin ɗalibai biyu masu ƙwazo a kimiyya, bisa sharaɗin su dawo gida su yi aiki. Allah ya ba mu iko.