Ɗaura Rediyon Oba-Oba A Motar Shiga Daji Da Yadda Ake Kula Da Shi

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya a Kagoro



An nemi in yi bayani a kan rediyon nan na magana wanda muka fi sani da oba-oba, musamman irin wanda ake ɗaurawa a motocin shiga daji, su Hilux da Land Cruiser da tsohuwar Landiroba. Dalilin neman kuwa ba ɓoyayye ba ne. Tun da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001 muka ɗauka an gama da matsalar aika saƙo, amma duk wanda ke shiga ƙauyukan bayan dutse don ɗauko citta ko masara ya san wuraren da sabis ke ɗaukewa ɗif, kuma galibi a nan ne mota take kafewa a taɓo. Wayar salula ba ta magana sai ta bi ta ƙarfen sabis na kamfani. Shi kuwa wannan rediyo daga mota zuwa mota yake tafiya, ko daga mota zuwa gida, ba ruwansa da ƙarfen kowa.

To, kafin a taɓa sifana, akwai maganar izini. Abin da nake magana a kai shi ne rediyon masu sha'awa, wato mutanen da suka koyi aikin suka samu lasisi daga hukumar sadarwa ta Gwamnatin Tarayya, aka ba kowa lambar kiransa. Ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar 5U, ta Gana 9G, ta Kamaru TJ. Harkar tsohuwa ce, don an kafa ƙungiyarsu ta duniya a birnin Faris tun 1925, a nan gida ma suna da tasu da ake kira NARS. Har marigayi Sarki Husaini na Jodan yana cikinsu, lambarsa JY1. Sai dai lasisin yana da ƙa'idoji. Ba a ciniki a kai, saboda haka wanda ke son ya riƙa faɗa wa yaronsa farashin buhun citta a kasuwar Kachia, wannan wani lasisi ne daban na 'yan kasuwa zai nema. Ba a sa waƙa, ba a magana da zaurance, kuma duk abin da ka faɗa, kowa mai akwati irin naka yana ji.

Wannan batu na ƙarshe ku riƙe shi da kyau, jama'a. Mu a nan zama muke tare da mutanen Kagoro da sauran maƙwabta, kuma wanda ya ga 1987 da 1992 da 2011 ya san yadda magana ɗaya ke gudu a wannan yanki. Mota mai doguwar eriya tana jan ido a shingen bincike. Saboda haka takardar lasisi ta zauna cikin mota tare da takardun mota, kuma mai ita ya sanar da jami'an tsaro na yankinsa da masu unguwa tun kafin a tambaye shi. Abin da ba ka gani da idonka ba, kada ka faɗe shi a iska.

Yanzu sai aikin kansa. A ganina, yawancin rediyon da ake cewa ya lalace a mota lafiyarsa ƙalau. Abin da ke mutuwa shi ne mahaɗa: inda waya ta haɗu da batir, inda eriya ta haɗu da bodi, da inda ruwa ya samu ƙofa. Hanyoyinmu na burji kuwa aikinsu ke nan, kwance abin da aka ɗaure.

Mu fara da wuta. Waɗannan akwatuna, ko Yaesu ko Icom ko Kenwood, an yi su ne su ci wuta wajen bolt 13.8, wato daidai abin da mota mai batir ɗin bolt 12 ke bayarwa in injin yana aiki. Lokacin saurare ba sa cin komai, abin bai fi amfiya ɗaya ko biyu ba. Amma da ka danna makirfo, mai ƙarfin wat 50 zai ja wajen amfiya 10 zuwa 11, mai wat 100 na dogon zango kuwa ya haura amfiya 20. Ramin kunna taba da muke cajin waya a ciki ba a yi shi don wannan nauyi ba. Wayarsa siririya ce, za ta yi zafi, muryarka kuma ta riƙa yankewa. Sai a ja waya mai kauri tun daga batir. Jar waya ta tafi kan batir, a sa mata fiyus kusa da batirin, kada ya wuce taƙi ɗaya. Mai riwaya zai ce ai akwai fiyus a bayan akwatin. Wancan akwatin yake tsarewa. Na kusa da batir shi ke tsare motar, domin in wayar ta goge ta taɓa ƙarfe a tsakiyar hanya, shi zai ƙone maimakon motar ta kama da wuta. Baƙar waya kuma a ɗaure ta a inda baƙar wayar batirin kanta ta kama bodi. Inda waya za ta ratsa bangon ƙarfen da ke tsakanin injin da direba, a sa zoben roba, a kuma nisanta ta da salansa da duk abin da ke juyawa.

Masu tsofaffin Land Cruiser na dizal, ku duba da kyau, wasunsu bolt 24 suke, batir biyu a jere. In ka jona akwatin bolt 12 kai tsaye, ya tafi ke nan. Kuma kada a ce a ɗauki wuta daga batir ɗaya cikin biyun, wannan yana kashe batiran duka biyu a hankali. Akwai na'urar rage wuta daga 24 zuwa 12, ita za a saya.

Wurin ajiye akwatin ba ya son dogon bayani. Kada a kan dashbod, ranar Maris da Afrilu za ta dafa shi. Kada a ƙasa daɓe inda ruwa ke shiga in an ratsa rafi. Kada a gaban jakar iska a motocin da ke da ita. A ɗaure shi da noti a jikin ƙarfe, a bar masa sarari a baya ya sha iska. Akwatin da aka ajiye a kan kujera kawai, ranar da aka taka birki da ƙarfi dutse ne a cikin mota.

Eriya ita ce rabin aikin, in ma ba ta fi ba, kuma a nan ne Dutsen Kagoro ya shigo cikin maganar. Zango iri biyu ne masu mota suka fi amfani da su. Akwai gajere, na mita 2, tsakanin megahaz 144 da 146. Shi kamar hasken tocila yake, inda ido zai iya kaiwa can yake kaiwa, ya ɗan ƙara kaɗan. A fili tsakanin mota da mota yakan yi kilomita goma sha biyar ko fiye, in ɗaya yana kan tudu ya ninka haka. Amma in dutse ya shiga tsakani, mutum yana iya jin wanda ke Kafanchan raɗau, ya kasa jin wanda ke bayan dutsen da bai kai rabin wannan nisa ba. Ƙara ƙarfin wuta ba ya huda dutse. Abin da ke taimako shi ne ka matsa da motar zuwa tudu ko inda kwari ya buɗe, wani lokaci taku hamsin kawai ya isa.

Eriyar wannan zango iri biyu ce a kasuwa: gajera mai kusan santimita 50, da doguwa mai mita ɗaya da 'yan kai. Mai shago zai ce doguwar ta fi, kuma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano ko Katsina gaskiyarsa ne, don tana kwantar da sigina ƙasa-ƙasa ya yi nisa. A wurinmu mai hawa da gangara ni na fi son gajerar. Tana watsa sigina har sama-sama, motar ko ta karkata ba ta damu ba, ga shi reshen mangwaro ba ya karya ta. Mafi kyawun wuri shi ne tsakiyar rufin mota, saboda rufin ƙarfen shi ne ɗaya rabin eriyar. Na san mai mota ba ya son a huda masa rufi. To in ba za a huda ba, a ɗaura a gefen bonet ko kan ƙarfen bayan kai, amma a kankare fenti har ƙarfe ya taɓa ƙarfe, sannan a shafa abin hana tsatsa a kai. Mai maganaɗisu a gindi ta yi kyau a kwalta, a daji kuwa reshe ɗaya zai share ta.

Wayar da ke tsakanin akwati da eriya ta musamman ce, mai om 50, irin su RG-58. Ta talabijin da ta dish om 75 ce, kamanninsu ɗaya amma ba a musanya su. Kada ƙofa ta riƙa matse ta, kada a lanƙwasa ta kamar an karya kara. In an gama, a auna da mitar da ake kira SWR, wadda ke nuna yawan wutar da ke dawowa cikin akwati maimakon ta fita. In ta nuna 1.5 ko ƙasa, madalla. In ta haura 2, a gyara tsawon eriyar ko a duba mahaɗa. In ta kai 3, a saki makirfo. Mitar nan ba lallai kowa ya saya ba, ƙungiya tana iya sayen ɗaya a riƙa ara.

Dogon zango kuma, kamar na mita 40 wajen megahaz 7, shi ne maganin dutse. Siginarsa tana hawa sama ta bugi wani rufi na sararin samaniya ta dawo ƙasa, saboda haka da rana mutum yana ƙasan kwari zai iya samun Kaduna ko Jos ko Zariya. Sai dai eriyar da ke tsaye cak a mota ba ta iya tura sigina sama sosai. Dabarar ita ce a tanƙwaro ta a ɗaure kanta, ko kuma in an tsaya a shimfiɗa waya mai tsawon mita 20, goma kowane hannu, tsakanin itatuwa biyu, sama da kai kaɗan. Wannan wayar ta zauna a naɗe cikin mota kamar igiyar ja. Doguwar eriya kuma a kwantar da ita kafin a shiga gari, saboda wayoyin lantarki da suka sauko a kasuwanni. Kada yaro ya riƙe eriya ana magana, tana ƙuna. In hadari ya taso da tsawa, kun dai san damunar nan tamu, a sauke wayar a kashe akwati. A gidan mai ma ba a danna makirfo.

In kun ji ƙara a lasifika, ku saurari irinta. Mai ƙas-ƙas da ke ƙaruwa in an taka totur, daga fulogi take, motar fetur ke nan. Mai kuka siriri kamar sauro da ke bin juyin injin, altaneta ce. Mai shuu wadda ba ta canzawa, ku fara cire cajar waya mai araha da fitilun nan farare da ake ƙarawa a gaban mota, sau da yawa su ne.

Saura kulawa. Ranar da kake duba mai da ruwa da iskar taya, ka ƙara minti biyar. Ka kama eriya ka girgiza, in tana motsi a gindi ka ɗaure. Ka duba kan batir, in ya yi farin gari ka wanke da ruwan kanwa, ka goge, ka ɗaure, ka shafa giris. Ka bi wayar da hannu ka ji ko ta goge, ko ɓera ya ci, domin motar da ke ɗaukar hatsi ba ta rabuwa da ɓera. Batir mai lafiya yana nuna wajen 12.6 in mota tana kashe, in tana aiki kuma 13.8 zuwa 14.4. In ka kafe a daji kana kira, ka rage ƙarfin akwatin zuwa mafi ƙanƙanta da za a ji ka, ka riƙa tayar da injin lokaci-lokaci, kada ka samu mai zuwa taimako ka rasa wutar kik.

Kowane lokaci na shekara da abin da yake kawowa. Kafin ruwan farko, a kwance mahaɗar gindin eriya a duba. Irin mahaɗar da aka fi samu, PL-259, ba ta hana ruwa, in ba a naɗe ta da tef ɗin roba mai manne kansa ba ruwa zai bi cikin wayar. Alamarsa ita ce zaren tagullan ya yi baƙi ko kore, kuma wayar da ta sha ruwa ba ta gyaruwa, sai a sake. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe fankar akwatin da ramukan makirfo, a share da busasshen burushi, ban da fetur. Yaran wankin mota a gaya musu kada su sa tiyo a gindin eriya ko ƙarƙashin kujera. In za a yi walda a jikin mota, ko za a yi mata jan wuta daga wata motar, a cire wayoyin rediyon tukuna. Fiyus biyu na ajiya da gajerar eriya ɗaya su zauna a aljihun mota.

Abu na ƙarshe, rediyo ba ya amfani in babu mai saurare. Masu lasisi a cikinmu su tsayar da tasha ɗaya da lokaci ɗaya, a ce bayan sallar asuba da bayan la'asar, wanda ke gida ya buɗe akwatinsa, wanda zai shiga daji kuma ya faɗi hanyar da zai bi da lokacin da yake sa ran fitowa. A gwada tun daga tashar mota kafin a tashi, ba sai an kafe ba.

Shugaba, a nan zan dakata. Masu tambaya bismilla, masu son ganin yadda ake auna eriya kuma mu haɗu a waje bayan an tashi.