Jawabi Kan Mai Binciken Tsoka Da Dafin Maciji

Shugaban taro, iyayenmu, 'yan uwa mazauna Gombe.

Masu noma a wajen Kaltungo sun san kububuwa, ba sai an faɗa musu ba. Wanda zan yi magana a kansa yau shi ne Farfesa José María Gutiérrez, mutumin ƙasar Kosta Rika, wanda tun shekarun 1980 yake binciken yadda dafin maciji ke cin tsoka.

Allah Ya sanya wa tsoka wasu ƙwayoyi masu gyara ta in ta lalace. A 1961 aka gano su. To, abin da Farfesan ya nuna shi ne, in dafi ya farfasa ƙananan jijiyoyin jini, gyaran nan ba ya kammaluwa. Sai tabo ya maye gurbin nama, ƙafa ta rame, manomi ya kasa riƙe garma.

Cibiyarsu ce ta haɗa allurar EchiTAb-Plus daga jinin dawaki. A asibitin Kaltungo aka gwada ta tare da wata allurar, kan mutum 400, aka buga sakamakon a 2010.

Don haka, jama'a, in an sari ɗanku, kada a ɗaure wurin, kada a tsaga. A nemi mota a nufi Kaltungo.